Darasin Wannan Wata: Ziyarar Birnin Sakkwato

Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sukan shiga Sakkwato. Da yawa sukan komo ba su ga komai ba sai tasha da kasuwa. Wannan hasara ce, domin Sakkwato birnin ilmi ne tun asali.

Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya gina birnin a 1809. Shehu ya rasu a can a 1817. Bello kuwa a Wurno ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan.

Zuwa neman ilmi daga ƙauye ba sabon abu ba ne. A zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, matan karkara sukan yi ayari su je wurinta ɗaukar karatu. Ana kiran su 'Yan Taru. Shugabarsu ita ce jaji. In sun koma gida sai su koyar da sauran mata.

Ga wuraren da ya kamata baƙo ya gani:

1. Hubbaren Shehu. Nan aka binne Shehu, Nana Asma'u ma tana kusa da shi. Ana shiga da natsuwa, a yi addu'a.

2. Fadar Sarkin Musulmi. Da Sallah ana hawa. Nan ake kallon dawaki da ado, a ji tambari da kakaki.

3. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Akwai tsofaffin littattafai da wasiƙu da kayan yaƙi na da.

4. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An kafa ta a 1975, aka sa mata sunan Shehu a 1988. Mazauninta yana wajen Dundaye, a ƙetaren Gulbin Rima, ruwan da ya biyo ta Goronyo da Wurno. Ɗan manomi ma yana shiga, in ya gama sakandare ya ci jarrabawa.

A nan amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa. Wanda ya iya karatu yakan karanta allon hanya da kansa, ya karanta bayanin da aka rubuta a gidan tarihi. Ba mai ɓatar da shi, ba mai cutarsa a lissafin kuɗin mota.

Magidanci ya yi sammako, ya ware kuɗin komowa daban. Ya tafi da ɗansa ko 'yarsa, ya nuna masu ƙofar jami'a. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Wa ya gina Sakkwato, kuma ina kabarinsa yake?
2. Su wane ne 'Yan Taru?
3. Shekara nawa ke tsakanin 1809 da 1975?
4. Kowa ya rubuta sunan wurin da yake son gani, ya kawo wa malamin aji.