UWARGIDA, TOSHE ƘASAN ƊAKI: HANA ƁERA DA RUWA SHIGA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ba ƙadangare kaɗai ba. Ta tsagar nan ɓera da kyankyaso da kunama su ke shigowa, ta nan ruwan damina ya ke tsattsafowa. Su kuwa yaranki a ƙasa su ke rarrafe, a ƙasa su ke wasa, abin da suka tsinta sai baki.

MENE NE HAƊARIN?

1. Ɓera ya kan bar fitsari da kashi a kan hatsi da kwanuka. Ta haka a ke kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Alamunsa kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa, kuma ya fi yawa da rani. Ya fi tsanani ga mai tsohon ciki, sau da yawa cikin ya kan zube. Wasu da suka warke kuma su kan kurumce.

2. Inda ɓera ya yi gida, maciji ya kan biyo shi.

3. Ruwan da ya kwanta gindin bango gidan sauro ne. Ƙwan sauro kan zama sauro mai cizo cikin kamar kwana 10, sai zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya.

4. Laima ta kan sa masara da gyaɗa su yi fumfuna. Wata fumfunar tana ɗauke da guba mai lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta.

5. Bangon da ruwa ya ci gindinsa yana iya faɗowa kan mutane cikin dare.

INA ZA KI DUBA?

Ki ɗauki tocila ki janye gado da akwatuna. Dubi kusurwoyi, da ƙasan ƙofa, da bayan randa, da bakin rariya, da inda bututun famfo ko wayar lantarki ta ratsa bango. Kar ki raina rami. Ƙaramin ɓera ya kan kutsa ta ramin da fensir zai shiga. In kin ga baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa, ko sabuwar ƙasa a tone, to, yana nan.

YADDA ZA A TOSHE

1. A fara ɗana tarko na 'yan kwanaki, don kada a rufe ɓera a rami ya mutu ya yi wari.

2. Kada a cusa tsumma ko takarda ko leda. Ɓera zai cinye su a dare ɗaya. A cusa tsakuwa ko soson ƙarfe, sa'an nan a shafe da siminti: awo 1 na siminti, awo 3 na yashi.

3. In ɗakin ƙasa ne, a sake daɓe da makuba, a yi wa gindin bango yaɓe tun kafin ruwa ya sauka.

4. A buga fallen gwangwani ko guntun kwano a ƙasan ƙyaure, a ɗaga dokin ƙofa ya rufe giɓin.

5. A sa ragar waya a bakin rariya: ruwa ya fita, ɓera kada ya shigo. Ki riƙa kwashe dattin da ya taru a wurin.

6. A zuba ƙasa a gindin bango ta waje, a daddanne ta yi gangare, ruwa ya gudu nesa da ɗaki. A gyara indararo kada ya riƙa zuba a jikin bango.

7. Rumbu ya zauna bisa duwatsu, a nome ciyawar kewayensa. Buhunan cikin ɗaki a ɗora su bisa katako, kada su jingina da bango.

HATTARA!

Rami za a toshe, ba iska ba. A bar taga, a sa mata raga. Kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba.

Kar ki share kashin ɓera a bushe, ƙurarsa ta shiga hanci. Yayyafa ruwa mai bilic tukuna, ki kwashe, ki wanke hannu da sabulu. Kar ki taɓa mushen ɓera da hannu, kar ki bar yara su kama ɓera ko su gasa shi. Maganin ɓera guba ne, ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Rufe abinci da ruwan sha da murfi mai kamawa. Kada kwanuka su kwana ba wanki.

IN ZAZZAƁI YA ƘI SAUKA

Idan an sha maganin zazzaɓin cizon sauro amma jiki bai yi sauƙi ba, ko ga ciwon maƙogwaro da amai, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, a garzaya asibiti. Mai ciki kada ta jira ranar awo.

Ki faɗa wa maigida abin da kika karanta yau, ku sa ranar aikin tare. In da tambaya, ki yi wa malamar asibiti ko duba-gari.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.