Waya da Amana: Nazarin Aikin Haɗin Gwiwa a Kasuwar Shanu ta Wudil

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne ya sa ya ƙago gayya a gona, da ayari a hanyar fatauci, da adashi a cikin gida. Kowane aikin haɗin gwiwa kuwa yana tsayawa ne bisa ƙafa biyu. Ta farko ita ce tsari, watau wane ne ke yin me, kuma wa zai ɗauki alhaki idan abu ya ɓaci. Ta biyu ita ce hanyar isar da labari tsakanin masu aikin. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda waɗannan abubuwa biyu suke cuɗanya a kasuwar shanu ta Wudil, wadda ake kira kara, musamman tun daga zuwan wayar salula.

2.0 Tsarin Kara

Garin Wudil yana bakin kogi, a kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri, kasuwarsa kuma tana ci ranar Juma'a. Kafin sa guda ya bar hannun makiyayi ya isa mayanka a Ikko ko Ibadan, sai ya bi ta hannun mutane da yawa. Akwai falken da ya sayo shi daga ƙananan kasuwanni, da fatoman da ke saukar da baƙo, da dillalin da ke haɗa ciniki ya karɓi la'ada, da 'yan lodi, da direban tirela, sa'an nan da maigidan da zai tarbi kayan a Kudu. Mafi yawan waɗannan mutane ba wata takardar yarjejeniya a tsakaninsu. Abin da ya ɗaure su shi ne sanayya da lamuni.

Masanin nan Abner Cohen ya fayyace wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Ya nuna cewa a can bashi ake sayar wa mahauta shanu, kuma maigida ne ke lamuncewa, domin idan mahauci ya ƙi biya, shi zai biya falke. Saboda haka babban jarin maigida da dillalansa shi ne labari: wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne bashi ya yi wa katutu. Ke nan tun kafin zuwan na'ura, tsarin kansa shi ne ma'ajiyar labarai.

3.0 Zuwan Wayar Salula

A da, falken da ya ɗora kaya daga Wudil ba shi da labarin farashin Kudu sai wanda direbobi ko wasiƙa suka kawo, shi ma ya riga ya kwana biyu. Da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya a 2001, sai wannan tazara ta fara raguwa, har ta kai falke yana tsaye a kara yana jin yadda kasuwar Kudu ta kwana kafin ya taya. Irin wannan tasiri an auna shi a maƙwabta. Binciken Jenny Aker na 2010 kan kasuwannin hatsi na Nijar ya gano cewa tsakanin 2001 da 2006 wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Sauyin bai tsaya ga farashi ba, ya taɓa rabon aikin kansa. Yaron da a da ake ɗora wa jakar kuɗi ya ratsa daji da ita, aikinsa ya ragu, domin ana tura kuɗin ta banki. Mai saye yana iya ganin hoton sa ta WhatsApp ba tare da ya tako Wudil ba. Mai kaya yana bin sawun direba zango zango. Haka kuma sababbin ma'aikata sun shigo cikin tsarin, kamar masu POS da masu cajin waya.

4.0 Inda Waya ta Gaza

Mai karatu zai iya zaton cewa tun da mai saye da mai sayarwa suna iya magana kai tsaye, dillali ya zama tarihi. Ba haka abin yake ba. Hoto yana nuna girman sa da launinsa, amma ba ya faɗar ko na sata ne, ko yana da wata cuta a ɓoye. A zamanin da satar shanu ta addabi Arewa, wanda zai ce ya san mai dabbar, kuma a same shi gobe idan magana ta taso, ya fi kowane hoto daraja.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoba 2022, ya fito da wannan a fili. Makiyaya da dama ba su da asusun banki, sabis yana yawan yankewa, ga kuma fargabar alat na bogi. Ciniki ya ja baya a kasuwannin dabbobi. Inda aka samu ya ƙullu kuwa, sau da yawa sai da wani sananne ya shiga tsakani, ya karɓi kuɗin a asusunsa, ya lamunce wa mai dabba. Watau na'urar ba ta yi aiki ba sai da ta jingina da tsohon tsari. Inda kuma babu mai lamuni, saurin da waya ke kawo wa ciniki shi take kawo wa zamba.

5.0 Kammalawa

Ɗalibin harshe zai lura da wani abu a bakin 'yan kara. Kalmomin aro da suka shigo, irin su caji da kati da sabis da alat, duk sunayen kayan aiki ne da abin da ya shafe su. Amma kalmomin da ke bayyana dangantaka, irin su la'ada da lamuni da shaida da amana, ba a sami masu maye gurbinsu ba. Wannan yana nuna cewa waya ta sauya saurin labari da yawan hannuwan da yake bi, alhali tambayar wa zai ɗauki alhaki tana nan a hannun tsari. Duk mai son shigar da wata sabuwar na'ura cikin kara, ko ta rajistar dabbobi ce ko ta biyan kuɗi, ya kamata ya fara zama da fatoma da dillali, ya san nauyin da kowannensu ke ɗauke da shi, kafin ya yanke wanda za a iya yi ba da shi ba.