Karatun Digiri a Fannin Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Cike Fom

Darasin yau naki ne, ke da kika gama sakandare ko kike ajin ƙarshe, kina ta faɗin "ni dai kwamfuta zan karanta". Ke ma uwargida kada ki wuce shafin, domin ranar da aka ce a kawo kuɗin rajista ke ce za ki sayar da tunkiya ko ki kwashi adashi, to gara ki san abin da za ki biya wa.

Bari mu fara da gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Da yawa daga cikinmu idan aka ce karatun kwamfuta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne shagon nan na bakin titi inda ake buga takarda da yin fotokwafi. Wancan sana'a ce mai kyau, amma wata uku ko shida sun isa a koye ta. Digiri kuwa shekara 4 ne, kuma aikinsa shi ne ya koya miki yadda ake ƙirƙirar manhaja, yadda ake tsara rumbun adana bayanai, yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, da yadda ake kare su daga ɓarayin intanet.

Ga misali don ki ɗanɗana. A ce an ba ki littafi mai sunayen mata 1,000 an jera su daga A zuwa Z, aka ce ki nemo Maryam. In kika bi ɗaya bayan ɗaya, sai ki karanta ɗaruruwan sunaye kafin ki iso ta. Amma in kika buɗe tsakiyar littafin, kika duba ko Maryam tana gaba ko tana baya, kin yar da rabi ke nan a duba ɗaya. Sai ki sake raba rabin da ya rage, ki sake rabawa. Ba za ki wuce duba 10 ba kin same ta. Ko da sunayen sun kai miliyan 2, duba 21 ya ishe ki. Wannan jerin matakai na warware matsala shi ake kira algoridim, kuma shi ne zuciyar karatun gaba ɗaya. Sunan ma daga na wani masanin lissafi ya samo asali, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajajen shekara ta 850 miladiyya. In misalin nan ya ba ki sha'awa har kika ji kina son gwadawa, to alama ce mai kyau. In kuwa ya sa miki ciwon kai, ki tsaya ki yi shawara da kanki tun yanzu, ba sai an biya kuɗi ba.

A ina za ki yi karatun? Alhamdulillahi, ke 'yar Gumbin Kure ko Maiyama ko Jega ba sai kin ƙetare jihohi ba. A 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, wadda a 2024 aka sauya mata suna zuwa na Shehu Abdullahi Fodiyo. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tun 1975. Duka ukun suna koyar da kimiyyar kwamfuta. Wannan kusanci ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya mace, domin sau da yawa abin da ke hana mahaifi ko miji yarda shi ne nisa. In an ce Aliero ce, garin da ake zuwa sarin albasa, hankalinsa ya fi kwanciya.

Wani abu kuma, a watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhajar karatu, inda fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa kamar kimiyyar kwamfuta, fasahar sadarwa, injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar sarrafa bayanai. Ba kowace jami'a ke da dukan rassan ba, saboda haka ki duba kundin JAMB na shekarar ki ga wanda makarantar da kike so take da izinin koyarwa.

Sai sharuɗɗan shiga. Ana son kiredit 5 a WAEC ko NECO, cikin zama ɗaya ko biyu, kuma dole a samu Turanci da Lissafi da Fiziks a ciki. A jarrabawar JAMB ma Turanci da Lissafi da Fiziks ne, sai na huɗu irin su Kemistiri. Kin ga ke nan wadda ta gudu daga ajin kimiyya tun SS1 don tsoron lissafi ta rufe wa kanta wannan ƙofa ba ta sani ba. Iyaye, a nan ne ya kamata ku sa ido, tun yarinya tana JSS3. Wadda kuma take da difloma ta ND ko NCE a fannin, kamar daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, tana iya neman shiga kai tsaye aji biyu.

Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, tun 2021 kuma sai da lambar ɗan ƙasa, NIN. Don Allah 'yar uwa, ki yi rajista da layin wayarki na kanki, ba na mai shagon intanet ba, ba na wani saurayi ba. Ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da WAEC da JAMB. Harafi ɗaya, Hauwa a nan Hauwa'u a can, yana iya jawo miki zirga-zirgar da za ta cinye kuɗin motar wata guda.

To kin samu gurbi, me za ki tarar? Aji ɗaya kusan duk lissafi ne da Fiziks da darussan bai-ɗaya, har ki ce wai ina kwamfutar take? Ki yi haƙuri. Daga aji biyu za a shiga rubuta manhaja sosai da yaruka irin su Python ko Java ko C++, sannan tsarin bayanai da rumbun adana su da sadarwa. Kafin ki gama akwai horon sanin makamar aiki, SIWES, inda za ki je wata ma'aikata ki yi watanni kina ganin aiki da idonki. A ajin ƙarshe kuma za ki yi furojet, ki tsaya gaban malamai ki kare shi.

Ki fahimci yadda ake lissafin sakamako tun ranar farko, don nan ne 'yan aji ɗaya ke yin asara. A galibin jami'o'inmu A maki 5 ne, B 4, C 3, har zuwa F da ba shi da ko ɗaya, kuma ana ninka makin da nauyin kwas. A ce kina da kwas 5, kowanne mai nauyi 3. In kika ci B huɗu da C ɗaya, jimla 57, a raba da 15, kin tashi da 3.8, kina matakin daraja ta biyu babba. In C ɗin nan ya zama F, jimla ta koma 48, wato 3.2, kin sauko daraja ta biyu ƙarama, ga kuma kwas ɗin yana jiranki baɗi. Bikin ƙawa na mako guda a tsakiyar zangon karatu yana iya jawo wannan.

Shawarata da na fi ba muhimmanci ita ce ki mallaki kwamfutar hannu, ko da ta gwanjo ce. Rubuta manhaja kamar tuƙin tuwo ne, ba a iya shi da kallo. Ana samun waɗanda ke haddace manhaja a takarda su ci jarrabawa, a ɗora su gaban kwamfuta su kasa rubuta layi goma. Kada ki zama cikinsu. Kullum ki ware ko da awa ɗaya ki rubuta wani abu naki: manhajar lissafin adashin unguwarku, ko ta ƙididdigar buhunan albasar mahaifinki, nawa aka saya, nawa suka ruɓe, nawa aka samu. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da za su rubuta miki aikin gida cikin minti ɗaya. Ki tambaye su bayani in kin kakare, amma in kika bar su suna yi miki aikin, ranar kare furojet ba za su shiga ɗakin tare da ke ba. Kuma a aji kada kunya ta hana ki tambaya don maza sun fi yawa. Ki nemi 'yan uwanki mata biyu ko uku ku riƙa bita tare, ku ba juna aron caja da data.

Batun kuɗi, a 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga 'yan manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a ciki, kuma biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Amma fa bashi ne, ki zauna da iyayenki ko maigida ku tattauna kafin ki nema.

Ke kuma uwargida mai goyo da ba za ki iya zaman aji kullum ba, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Kina karatu daga ɗakinki, ki je cibiya don jarrabawa. Sai dai kada a ruɗe ki cewa ta fi sauƙi, domin babu malamin da zai tsaya a kanki, kuma sai kin tanadi data da hanyar caji. In kuwa aure ne ke tafe kina tsakiyar karatu, a yi maganar ci gaba da makaranta a fili gaban waliyyai tun kafin a sa rana, har da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin. Hukumar NYSC tana ba matar aure damar yin hidimar ƙasa a jihar da mijinta ke zaune, in ta kawo takardun shaida.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ki ce wa ƙanwarki ta riƙe wata lamba a zuciyarta tsakanin 1 da 100. Duk lambar da kika faɗa, ta ce miki daidai ne, ko sama, ko ƙasa. Ki fara da 50, ki ci gaba da raba abin da ya rage biyu. In kin bi matakan daidai, ba za ki wuce faɗa 7 ba.