Darasin Lafiya: Yadda Cutar Daji Ke Farawa, Da Abin Da Ke Cikin Rumbunmu

Darasinmu na yau a kan cutar daji ne, wadda wasu ke kira sankara ko kansa. Sau da yawa idan ta kama mutum sai a ce jifa aka yi masa, a yi ta yawon neman magani har lokaci ya ƙure. To bari mu duba yadda take farawa, da kuma hannun da masara da gyaɗarmu ke da shi a ciki.

Littafin da ke cikin jiki

'Yar'uwa, jikinki ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani suka haɗu suka gina shi. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da likitoci ke kira DNA, wanda kika gada rabi daga mahaifiya, rabi daga mahaifi. Shi ke gaya wa ƙwaya aikinta, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta tsaya. Haruffansa huɗu ne kacal, A da T da G da C, amma jerinsu ya kai kamar biliyan 3. A 1953 ne Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Ingila.

Kullum biliyoyin ƙwayoyi na mutuwa, sababbi na maye gurbinsu. Kafin ƙwaya ta rabe biyu, dole ta kwafe wannan littafi gaba ɗaya, don kowace ta tafi da nata. Ki ƙaddara marubuci ne ke kwafe littafi da hannu. Duk ƙwarewarsa wata rana alƙalami zai zame. Shi ya sa jiki ke da masu bin baya suna gyara, har kuskuren da ke tsira bai wuce kamar ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Amma wanda ya tsira ya zauna ke nan, duk kwafin da za a yi daga baya da shi za a yi.

Yawancin kurakuran ba sa cutarwa. Matsalar ita ce idan kuskure ya faɗa kan shafin da ke cewa "tsaya". Idan irin waɗannan suka taru a ƙwaya ɗaya cikin shekaru, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta zama ƙari. Wannan ita ce cutar daji, kuma dalilin da ya sa ta fi kama masu shekaru ke nan. A 2017, masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Tomasetti da Vogelstein, sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran da ake samu a cutar daji daga wannan kwafi suke fitowa. Kin ga ashe ba lallai sai wani ya yi wa mutum wani abu ba. Sai dai akwai abubuwan da ke ƙara yawan kuskuren, kuma nan ne muke da abin yi.

Funfuna a rumbu

Yankinmu na Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi yankin masara ne, kasuwar Dandume ma shaida ce. Sau da yawa ana karyar masara ruwa bai gama ɗaukewa ba. Idan aka zuba ta a buhu ko rumbu da sauran danshi, ko aka shanya gyaɗa a kan ƙasa, sai funfuna ta kama. Wani nau'in funfunar yana fitar da guba mai suna afilatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da ya lalace. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Abin da ya fi yawa shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, a tuwo da koko da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Idan ta isa hanta sai ta manne wa harafin G. Da mai kwafi ya zo wurin sai ya kasa karantawa daidai, a ƙarshe T ya zauna a gurbin G. A 1991 masana suka gano wannan canji a shafin da ake kira p53, wato mai gadin da ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, a jikin masu cutar dajin hanta a Sin da kudancin Afirka.

Sai kuma ciwon hanta nau'in B. Shi yana sa ƙwayoyin hanta su yi ta mutuwa, hanta ta yi ta yin sababbi, kwafi ya yawaita, kuskure ya yawaita. Idan ya haɗu da gubar funfuna, haɗarin na iya kai ninki 30 na wanda gubar kaɗai yake ci.

Me za ki yi?

1. Ki shanya masara da gyaɗa a kan tabarma ko tamfol har su bushe ƙayau. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

2. Ki tsince kafin niƙa. Duk ƙwayar da ta canza launi, ta motse, ko ƙwari suka huda, ki fitar. Gyaɗar da ta yi ɗaci a baki, a tofar. Dafuwa da suya ba sa kashe wannan guba fa.

3. Abin da kika tsince kada ki ba shanu da awaki, domin gubar na fita ta nono. Kada kuma ki mai da shi ƙuli-ƙuli ki sayar wa 'ya'yan mutane.

4. Ki yi wa maigida maganar Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar sosai.

5. Tun 2004 rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Nijeriya. Ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, don haka ko a gida kika haihu a kai jariri asibiti a ranar, kada a jira suna. Ke ma ki yi gwaji, musamman lokacin awon ciki.

6. Rama ba dalili, idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura, ko ƙullutu a mama, a je Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi da wuri. Idan ta kama za a tura ki Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya.

Kuskuren kwafi ba mu da ikon hana shi duka, amma abin da ke shiga tukunya a hannunmu yake. A kakar bana ki fara da buhun da ke ɗakinki, ki kuma sanar da maƙwabciyarki. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.