Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Sunan Rumbun Kwamfutocin Ofis

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Rimi, Kaduna, ya ce kamfaninsu ya sauya suna, shin za a iya sauya sunan rumbun da ke haɗa kwamfutocin ofishinsu?

To Malam, ana iyawa, amma a bi a hankali. Idan Active Directory kuke amfani da shi, tun Windows Server 2003 kamfanin Microsoft ya samar da manhajar rendom domin wannan aiki. Sai dai in kuna da manhajar imel ta Exchange 2007 ko wanda ya biyo bayansa, ba zai yiwu ba. Sai a gina sabon rumbu a kwashe asusun ma'aikata zuwa can.

Kafin a fara, a adana kwafin komai, a kuma tanadi janareta, domin ɗaukewar wuta ana tsaka da aiki babbar asara ce. Bayan an gama, kowace kwamfuta sai an kashe an kunna ta sau biyu.

A guji sunan da ya ƙare da .local. Gara ku yi rajistar .com.ng ta hannun dillalan NiRA, mai kula da rajistar sunayen .ng, ku samar da reshe a ƙarƙashinsa. In kuwa adireshin shiga kawai kuke son gyarawa, ƙara sabon suna a kan tsohon ya wadatar.