Darasi Na Tara: Gano Dalilin Mutuwar Kwamfuta Ana Tsakiyar Aiki

1.0 Gabatarwa

Malamin wannan zamani ba ya rabuwa da kwamfuta, ko dai wajen tsara darasi, ko buga jarrabawa, ko tattara sakamakon ɗalibai. Daga cikin matsalolin da suka fi ci wa mai ita tuwo a ƙwarya akwai mutuwarta bagatatan ana tsakiyar aiki. Ta haka ɗalibi kan yi asarar babi sukutum na kundin bincikensa, sa'annan ya ƙara da asarar kuɗi wurin mai gyara a kan abin da shi kansa zai iya magancewa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka, wannan darasi zai nuna cewa yanayin da kwamfuta ta mutu a cikinsa shi ne ke nuni ga dalilin mutuwar.

2.0 Tantance Alama

Kalmar "mutuwa" a bakin jama'a ta ƙunshi abubuwa uku mabambanta, kuma wajibi ne a rarrabe su:

(a) Ɗaukewa: wuta ta yanke nan take, allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya.
(b) Sake tashi: ta mutu sa'annan ta kunna kanta, wani lokaci bayan ta nuna saƙon kuskure.
(c) Sandarewa: allo yana kunne amma komai ya tsaya cik.

Bayan wannan sai a lura da abin da ake yi lokacin da ta mutu, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana aiki.

3.0 Manyan Dalilai

3.1 Zafi

An ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yadda idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos za ta rage gudu, in abin ya faskara sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ke nan irin wannan mutuwa kariya ce. Alamarta ita ce ƙarar fanka, da zafin jiki, da ɗaukewa yayin aiki mai nauyi. A ƙasar Hausa matsalar takan tsananta, domin ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, sai bazara ta biyo baya da zafin da kan wuce digiri 40.

3.2 Wutar Lantarki

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan yi sama da ƙasa, musamman lokacin sauyawa zuwa janareto. Idan kwamfutar tebur tana ɗaukewa alhali jikinta da sanyi, sai a tuhumi soket, ko waya, ko akwatin rarraba wutar da ke cikinta. Idan kuwa ta cinya ce, kuma tana mutuwa da zarar an zare caja, to batirinta ne ya gaji.

3.3 Ma'adana da Manhaja

Sake tashi da sandarewa sun fi alaƙa da ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ko sabuwar manhajar da ba ta dace ba, ko ƙwayar cutar kwamfuta. A tsarin Windows akwai kundin da ake kira Event Viewer. Lamba 41 a cikinsa tana tabbatar da cewa kwamfuta ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, amma ba ta faɗin dalili. Lokacin da ta nuna shi ne abin amfani.

4.0 Matakan Bincike

Ana farawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji:

1. A kwafe muhimman takardu a filashi kafin komai.
2. A sauya soket, a zare duk na'urorin da aka jona mata.
3. A kashe ta, a zare wayar wuta, a busa ƙurar kafofin iska. Kada a ɗora ta cinya a kan katifa ko filo.
4. A cire manhajar da aka sanya dab da fara matsalar, a kuma binciki ƙwayar cuta.
5. Idan ba a dace ba, sai a nemi gwani.

Kada a kuskura a buɗe akwatin rarraba wuta, domin yakan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Haka nan batirin da ya kumbura, a daina amfani da shi nan take.

5.0 Kammalawa

An ga cewa lura ita ce tushen gyara. Wanda ya ce wa mai gyara "tana ɗaukewa bayan minti ashirin, fanka na ƙara" ya taƙaita masa bincike, ya kuma tsare aljihunsa daga sayen abin da bai lalace ba.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin ɗaukewa da sake tashi da sandarewa.
2. Me ya sa ake sauya abu ɗaya kacal a kowane gwaji?
3. Tsara gajeren darasi a kan sashe na 3.1 domin ɗaliban ƙaramar sakandare.