Ka San Inda Linka Ke Zuba Kayanka?

'Yan'uwa ɗalibai, saura mako guda in kare furojet ɗina na ƙarshe a nan Rano, na'urar ta soma yi mini tsiya. Na haɗa ta ne don gonar rani ta kawuna a Kibiya: ta auna danshin ƙasa, ta kunna injin ban-ruwa, ta rubuta saƙo da Hausa a ɗan allo. A kan STM32 na abokina kodin na aiki lafiya lau. Da na mai da shi kan Arduino Uno, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Kwana uku ina neman kuskure a kodi, ashe matsalar tana wajen rabon wurin ajiya.

Ga yadda abin yake. Kwamfaila na juya kowane fayil na C zuwa fayil mai ƙarshen .o, a kasa shi sashe-sashe. Umarni na shiga .text. Masu canzawa da ka ba ƙima tun farko na shiga .data, waɗanda ke farawa da sifili kuma .bss. Abin da ba ya canzawa, kamar saƙonnin allo, yana .rodata. Daga nan linka, kamar ɗan kamasho a tasha, ya tattara kayan ya ce wannan Flash za shi, wancan RAM.

To, kowace tasha da tsarinta. A ARM, irin STM32, ana barin .rodata a Flash, a karanta shi daga can. A ATmega328P na Uno kuwa, hanyar karanta Flash daban take da ta RAM, saboda haka avr-gcc da linkansa ke cusa saƙonnin cikin .data, a kwafe su zuwa RAM duk sanda aka kunna na'ura. Uno na da Flash kilobayit 32, amma RAM ɗinsa bayit 2048 ne kacal. STM32F103C8 na abokina RAM ɗinsa kilobayit 20. Dogayen saƙonnina sun cinye wurin, ɗan abin da ya rage bai ishi sitak ba, wato inda shiri ke ajiye bayanan wucin-gadi yayin aiki. Sai ya hau kan sauran bayanai, komai ya rikice.

Maganin bai ɗauke ni awa guda ba. Na sa kowane saƙo cikin F(), jadawalin lambobi kuma na ba shi PROGMEM, duk suka zauna a Flash.

Shawarata, kafin ka ɗora kodi, ka gudanar da avr-size, ka tara .data da .bss, ka ga nawa ya rage daga 2048. Idan ka canza allo, kada ka ɗauka linka zai yi maka rabo irin na da. Na kare furojet lafiya, yanzu haka na'urar tana gonar kawu tana shayar da albasa.